Daga Rasidin Haraji Zuwa Shekara 18: Tarihin 'Yancin Matasa na Jefa Ƙuri'a a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya duba sashe na 77, zai tarar an tanadi cewa kowane ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, muddin yana zaune cikin ƙasar a lokacin rajista, yana da ikon a rubuta sunansa cikin masu zaɓe. Magana ce 'yar gajeruwa, kuma saboda kunne ya saba da ita, da yawa cikin ɗalibanmu sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa ba a yi babban zaɓe na ƙasa da wannan adadi ba sai a 1979. Shekara 20 kafin nan adadin 21 ne, kuma a Arewa maza kaɗai ya shafa. Kafin wannan kuma, harajin mutum ake tambaya a dandalin zaɓe.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda Bahaushe, wanda bai saba auna girman mutum da ƙidayar shekaru ba, ya wayi gari lamba ce ke raba babba da yaro a bakin akwatin zaɓe. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa al'amarin ya wuce rage shekara 3 daga 21. Ma'aunin ne aka sauya ɗungurungum. An bar abin da ido ke gani, watau balaga da aure da haraji, an koma ga abin da takarda kaɗai ke iya tabbatarwa, a cikin al'ummar da takardar haihuwa ba ta wadata ba.

Wane ne yaro?

Ya kamata mu fara da harshe, domin a nan ne ma'aunin Bahaushe na asali ya fi fitowa fili. Kalmar "yaro" ba ta tsaya ga ƙarancin shekaru ba. Ana cewa yaron sarki, yaron alhaji, yaron mota, kuma sau da yawa wanda ake nufi har ya yi furfura. Abin da ya mai da shi yaro shi ne yana ƙarƙashin wani, wani ke ci da shi, wani ke magana a madadinsa. Haka nan in muka dubi matakan rayuwar namiji, daga jariri zuwa yaro, saurayi, magidanci, dattijo da tsoho, babu ko ɗaya da aka ɗaure da adadi. Aure ne ke fitar da mutum daga samartaka. Wanda ya wuce lokacin aure bai yi ba, tuzuru ne. Wanda ya rabu da mata ya zauna haka nan, gwauro ne, kuma a Kano har sarauta aka yi, ta Nalako, don a riƙa kama gwauraye ana yi musu tsiya a watan azumi. Wasa ne, amma wasan na koya wa kowa cewa namiji marar iyali bai gama zama mutum ba, ko shekarunsa nawa.

Tsarin gandu, wanda M. G. Smith ya yi bayaninsa a ƙasar Zazzau, Polly Hill kuma ta yi nasa a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ya ƙara jaddada wannan. Ɗa kan zauna yana noma a gandun ubansa ko da ya yi aure ya haifu. Uban shi ke ciyarwa, shi ke yin ɗawainiyar aure, shi ke biya wa ɗan haraji, ɗan kuwa sai 'yar gayaunarsa da yake nomawa a lokacin da aka ware masa. Saboda haka gida guda na iya ƙunsar ƙarti biyar, amma baki ɗaya ne ke fita daga cikinsa zuwa ƙofar mai unguwa, watau bakin mai gida. Mai karatu ya riƙe wannan batu na haraji, don za mu komo gare shi.

Ta fuskar shari'a kuwa, ma'aunin shi ne balaga, kuma balaga da alamominta ake gane ta. Sai in alamomin sun ƙi bayyana ne ake komawa ga ƙidaya. A nan akwai wani abin sha'awa da ba a cika lura da shi ba. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu, wanda shi ne madogarar alƙalan ƙasar nan, shi ne cikar shekara 18, alhali Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya ga 15. Ba muna cewa daga nan masu rubuta dokar zaɓe suka ɗauko adadinsu ba, domin daga Turai da Amurka suka ɗauko shi. Amma dai malamin zaure ya san 18 tun kafin ɗan boko ya san ta. Har wa yau malaman fiƙihu sun bambanta balaga da rushdi, watau iya riƙon dukiya, sun ce ana iya samun baligin da ba a sakar masa dukiyarsa ba. Duk gardamar da ake yi a duniya kan shekarun zaɓe, in aka tace ta, kan wannan bambanci ake yin ta.

Shi kansa zaɓe ba baƙon abu ba ne, sai dai na 'yan ƙalilan ne. A Kano, alal misali, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki, kuma sarauta ce ta ba su wannan iko. Ita kuwa "ƙuri'a", Larabci ce aka aro, ma'anarta ta asali ita ce jefa wani abu don a raba gardama ko a fid da rabo, inda sa'a ke aiki. Da aka zo neman sunan da za a ba takardar zaɓe sai aka ɗora mata sabon nauyi. Samari kuma suna da tasu hukuma a gefe. Kowane gari na da sarkin samari, wanda ke tara su aikin gayya da wasanni, kuma a bikin kalankuwa bayan kaka sukan naɗa wa junansu muƙamai suna kwaikwayon masu mulki. An yarda su gwada mulki a dandali, amma ba a fada ba.

Shekara 21 da littafin haraji

Adadin 21 kayan Ingila ne. Masana tarihin shari'arsu sun danganta shi da zamanin barade, lokacin da ake ganin sai saurayi ya kai wannan shekaru ne ƙashinsa zai iya ɗaukar nauyin sulke ya yi yaƙi a kan doki. Ke nan in da a nan ne, da sai mu ce shekarun zama ɗan lifida. Wannan adadi ya shigo Nijeriya da tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, wanda ya ba da kujeru 4 na zaɓe a Majalisar Dokoki, 3 a Ikko, 1 a Kalaba. Ban da shekaru, sai mai zaɓe ya kasance namiji mai samun fam 100 a shekara, kuɗin da ƙalilan ne ke ganin irinsu. Aka yi zaɓen farko a 1923, jam'iyyar Herbert Macaulay ta kwashe kujerun Ikko. Duk wannan bai shafi Arewa ba, don majalisar ba ta yi mata doka. Ko da tsarin Richards ya kawo Majalisar Wakilai da ta Sarakuna a Kaduna a 1947, hukumomin En'e ne suka fid da wakilai daga cikinsu.

Talakan Arewa bai ga zaɓe ba sai a 1951, ƙarƙashin tsarin Macpherson. Shi ma zaɓe ne hawa-hawa, daga unguwa ko ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa ƙasar sarki, daga nan zuwa lardi, inda rukunin ƙarshe ke fid da 'yan majalisa. Wanda ke da baki a hawan farko shi ne namiji baligi mai biyan haraji, kuma a bainar jama'a ake nuna wanda ake so, dagaci da mai unguwa suna kallo. A hawan ƙarshe an ba En'e ikon ƙara nata mutane har kashi 10 cikin 100, abin da marubuta tarihin siyasar lokacin suka yi wa laƙabi da allura. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi rawar gani a hawan ƙasa cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshen tsani ba ta fid da ko mutum ɗaya daga lardin ba.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne ma'aunin da aka yi aiki da shi. Hukuma ba ta da littafin haihuwa na jama'a, amma tana da littafin haraji, kuma babu littafin da aka fi kula da shi a ƙasar Hausa kamarsa. Yadda sunan yaro ke shiga ciki kuwa sananne ne. Mai unguwa ko dagaci ke duban sa, in ya ga ya tasa, ya isa riƙon garma, sai a rubuta shi. Ke nan shekarun zaɓe na farko a ƙasar nan idon dagaci ne. Wannan ma'auni ya dace da tunanin mutane, domin masu iya magana sun ce yaro da kuɗi abokin tafiyar manya. Amma yana da illa biyu. Ta farko, ya fitar da mata gaba ɗaya ba tare da an ambace su ba. Ta biyu, ga ɗan gandu, sunansa ne a littafi amma kuɗin na ubansa ne, kuma da wuya wanda aka biya wa haraji jiya ya ɗaga hannu yau ya saɓa wa wanda ya biya masa, a gaban dagacin da ya karɓa. A ganina wannan ne dalilin da ya sa neman zaɓe kai tsaye da ƙuri'ar asiri, wanda NEPU ta dage a kai, ya fi muhimmanci ga saurayin wancan zamani bisa ga kowace magana ta shekaru.

Samari a fagen siyasa

Abin mamaki shi ne, siyasar da ta rufe wa samari ƙofar akwati, su ne suka ɗauke ta a ka. Malam Aminu Kano shekararsa 30 lokacin da aka kafa NEPU. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara da ƙungiyar samari a Sakkwato, ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954 yana da shekara 29, Maitama Sule kuwa yana da 25. A Barno ƙungiyar da ta girgiza NPC a zaɓen 1956 sunan samari take ɗauke da shi. NEPU na da Rundunar Samarin Sawaba, NPC na da nata, kuma bayan rikicin Kano na Mayu 1953 aka sami 'yan Mahaukata, waɗanda aikinsu bai wuce na sanda ba. A lura da kalmar da aka fi amfani da ita a lokacin, watau "samari", wadda ba ta ƙunshi 'yammata ba. "Matasa", wadda ta haɗa jinsi biyu, daga baya ne rediyo da jaridu suka ɗaukaka ta har ta zama ita ce kalmar siyasa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta ga wannan tururuwa ta yara a wajen lacca, ana ba su tuta da waƙa, sai ta sa hannu. Dokar yara da samari ta 1958 ta haramta wa duk wanda bai wuce shekara 15 ba shiga harkar siyasa, ta kuma tanadi hukunci ga babban da ya ingiza shi. Aka ƙalubalanci dokar a shari'ar nan da aka fi sani da ta Cheranci, a 1960, wadda tana cikin shari'o'in farko da aka gwada sabon babin haƙƙin ɗan'adam da aka saka cikin tsarin mulki a 1959. Babbar Kotu ta ce dokar na nan daram, bisa hujjar cewa yara na da saurin ruɗuwa, kuma shigarsu siyasa na iya ta da zaune tsaye. Ta haka aka sami hawa uku. Ɗan ƙasa da 16 ba ya ko zuwa taro, mai 16 zuwa 20 ya yi kirari ya sha kulki amma ba ya zaɓe, mai 21 kuwa ya jefa ƙuri'a.

Hawan na uku ya tabbata ne a zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, wanda aka yi kai tsaye, cikin asiri, aka kuma ajiye sharaɗin haraji. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. Daga kujeru 312, Arewa na da 174. A Kudu mace da namiji duk sun yi zaɓe, a Arewa maza kaɗai. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU a Zariya tana 'yar shekara 17, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba sau biyu ba, amma a 1959, tana da shekara 26, ba ta da ƙuri'a. Sai a 1976, da gwamnatin soja ta gyara tsarin ƙananan hukumomi, aka buɗe wa matan Arewa wannan ƙofa.

A nan yana da amfani mu leƙa ƙetaren iyaka, don Hausawa ne a can da nan. Dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka a watan Yuni 1956 ta ba kowane mai shekara 21, mace ko namiji, ikon zaɓe. Saboda haka Bahaushiyar Maraɗi ko Damagaram ta sami ikon jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar yanki na Maris 1957, da kuma ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, wadda jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a. 'Yar'uwarta ta Katsina kuwa sai da ta jira kusan shekara 20. Harshe ɗaya, addini ɗaya, al'ada ɗaya. Duk mai cewa al'ada ce kaɗai ta hana matan Arewa zaɓe, sai ya yi mana bayanin Maraɗi.

Yadda aka sauko zuwa 18

Ba a taɓa taɓa shekarun zaɓe a ko'ina ba face akwai wanda ya yi lissafin riba. A Gana, kwamitin Coussey na 1949 ya ba da shawarar shekara 25, wani matashin ɗan majalisa, Kwesi Plange, ya yi tsayin daka aka mai da shi 21, jam'iyyar Nkrumah kuwa, wadda samari ne ƙashin bayanta, ta lashe zaɓen 1951. A Afirka ta Kudu gwamnatin wariyar launin fata ta rage shekarun zuwa 18 a 1958, amma ga farare kaɗai, a lokacin da mafi yawan dattawa baƙaƙe ba su da ƙuri'a ko ɗaya.

Guguwar da ta kai 18 ko'ina ta taso ne a ƙarshen shekarun 1960. Ingila ta kafa kwamitin Alƙali Latey, wanda ya ba da rahoto a 1967 cewa a rage shekarun girma, majalisa ta yi dokar zaɓe a 1969, aka fara aiki da ita a 1970. A Amurka yaƙi ne ya kawo maganar. Tun 1942 ake ɗibar 'yan shekara 18 aikin soja tilas, jihar Jojiya ta ba su ƙuri'a a 1943, amma ƙasar baki ɗaya ba ta motsa ba sai da gawawwakin samari suka yi ta dawowa daga Biyetnam. Hujjarsu ita ce wanda ya isa a tura shi ya mutu, ya isa a tambaye shi wa zai tura shi. Majalisa ta zartar da gyara na 26 ga tsarin mulki a Maris 1971, jihohi suka kammala amincewa ranar 1 ga Yuli, kuma babu gyaran da ya taɓa wucewa da sauri haka. Faransa ta bi a 1974.

A Nijeriya abin ya zo ne daga sama. Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki a Oktoba 1975, mutum 49 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, babu mace ko ɗaya. Dokar zaɓe ta soja ta 1977 ta sauko da shekarun daga 21 zuwa 18, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Dalilan ba su da wuyar ganewa. Ƙasar ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda samari suka yi. An kafa aikin bautar ƙasa a 1973, aka fara ilmin firamare kyauta a 1976. Su kansu masu mulkin ba tsofaffi ba ne, don Gowon ya hau yana da shekara 31, Murtala yana da 36. Duk da haka, abin da ya cika Majalisar Tsara Mulki ta 1977 zuwa 1978 da hayaniya shi ne batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, har wakilai suka fice a watan Afrilu 1978. Maganar shekaru ba ta ta da ƙura irin wannan ba.

Akwai dalilin da ya sa. Ba a yi zaɓen tarayya ba tun na Disamba 1964. Saboda haka duk namijin da aka haifa bayan 1943 bai taɓa zaɓen gwamnatin ƙasa ba, ko da kuwa ya kai 35 yana da mata da 'ya'ya. Haka duk matan Arewa, tun daga amarya har kaka. A cikin irin wannan ambaliya ta sababbin masu zaɓe, 'yan 18 zuwa 20 ba su fito daban ba. Hukumar zaɓe ta FEDECO, ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta yi rajistar mutum wajen miliyan 48 a farkon 1978, kuma mafi ƙanƙanta cikinsu su ne waɗanda aka haifa a shekarar samun mulkin kai. Amma ranar zaɓen shugaban ƙasa, 11 ga Agusta 1979, ƙuri'a miliyan 16.8 kacal aka ƙirga.

Shi kuwa haraji bai fita daga dokar zaɓe ba, wuri ya sake. An ɗauke shi daga kan mai zaɓe aka aza wa ɗan takara, aka ce sai ya nuna shaidar biyan harajin shekara 3. Wannan sharaɗi ya kusa hana Malam Aminu Kano da Dokta Azikiwe tsayawa takarar shugaban ƙasa, sai da kotu ta wanke su. Da gwamnatocin PRP suka hau a Oktoba 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, abin da suka fara yi shi ne soke haraji da jangali. Littafin da ya kasance ƙofar zaɓe a 1951, masu zaɓen da ba a tambaye su rasidi ba ne suka rufe shi bayan shekara 28.

Ikon zaɓe da ikon tsayawa

Ribar da saurayi ya samu a wannan sauyi ta gaske ce, bai kamata a raina ta ba. Ƙuri'arsa ta daina ratayuwa ga aurensa, ko aljihun ubansa, ko idon dagaci. A gaban doka ɗan gandu da mai gandu sun zama ɗaya, ko da na yini guda ne. Sai dai tsohon ma'auni bai mutu ba, yana leƙowa nan da can. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya ba da ikon zaɓe ga mai shekara 18, ko wanda bai kai ba amma doka ta 'yanta shi daga riƙon iyaye, aure kuwa na cikin hanyoyin samun wannan 'yanci. A Nijeriya ma sashe na 29 na tsarin 1999 ya ɗauki matar aure a matsayin wadda ta cika shekarun girma, ko da yake kan batun barin zama ɗan ƙasa kaɗai yake magana, kuma shi ne ya haddasa cacar baki a Majalisar Dattawa a 2013. Bahaushen Kamaru kuwa sai ya cika 20.

Inda dattawa suka ja layi sosai shi ne wajen tsayawa takara. Tsarin 1979 ya yarda mai shekara 21 ya shiga Majalisar Wakilai, mai 30 ya shiga ta Dattawa, mai 35 ya nemi shugabancin ƙasa. Tsarin 1999 ya ɗaga su zuwa 30 da 35 da 40. Watau da Maitama Sule da Shagari na 1954 za su dawo a 1999, da an ce musu su koma su ƙara girma. A wannan karo matasa da kansu ne suka yi gangami, har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyara ranar 31 ga Mayu 2018, wanda ya mai da shugaban ƙasa 35, Majalisar Wakilai da majalisun jihohi 25, ya bar gwamna da sanata a 35. An yi ta murna, ba tare da an tuna cewa a Majalisar Wakilai ko inda aka tsaya a 1979 ba a koma ba. Kuma ba a taɓa babban shingen ba, watau kuɗin takardar takara da na yaƙin neman zaɓe, wanda ke mai da matashin ɗan takara yaron wani, a ma'anar da muka gani tun farko.

A zaɓen 2023 hukumar INEC ta yi rajistar mutum miliyan 93.4, kuma kusan kashi 40 cikin 100 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, watau wajen miliyan 37. Duk ƙuri'un da aka jefa a zaɓen shugaban ƙasa, na yaro da na babba, ba su kai miliyan 25 ba. A wasu ƙasashe an riga an wuce 18. Birazil ta yarda da 16 tun 1988, Ostiriya a 2007, Sikotlan ta gwada a ƙuri'ar raba gardama ta 2014, gwamnatin Ingila kuma ta bayyana niyyar yin haka a Yuli 2025. Ra'ayina shi ne kwaikwayon wannan a nan riga malam masallaci ne, domin ko 18 ɗin ba mu da abin tabbatar da ita.

Ma'aunin shekaru takarda yake bukata. Kakanninmu da aukuwa suke ƙirga haihuwa, su ce shekarar yunwar Kakalaba, ko shekarar zuwan Sarauniya, ko ta canjin kuɗi, kuma wannan ya ishe su, don babu abin da ya rataya ga yini ko wata. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a ko'ina cikin ƙasar, wadda ake aiki da ita ta hannun hukumar ƙidaya, ta 1992 ce, amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, kuma karkarar Arewa ce a baya. Wannan giɓi ne ke haifar da zargin zaɓen ƙananan yara, irin wanda ya biyo bayan hotunan da suka bazu daga zaɓen ƙananan hukumomi na Kano a Fabrairu 2018. Na'urar da ke ɗaukar zanen yatsa da hoton fuska na iya gane ko mutum ya yi rajista sau biyu, amma ba ta san ranar da aka haife shi ba. Inda babu takarda, jami'in rajista fuska da tsawo yake duba. In kuma aka matsa sai an kawo shaida, abin da akan kawo shi ne takardar rantsuwar shekaru daga kotu, wadda uba ko wa ko kawu ke zuwa ya rantse cewa yana nan aka haifi yaron.